Me ya kore mu daga fili zuwa ƙuryar ɗaki?

Malam Garba Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gabanku. Shekaranjiya na raba dare ina fama da na'urar rarraba intanet ta wata makaranta da nake kula wa da kayan aiki. Duk saitin da na yi mata, da an ɗauke wuta an dawo da ita sai ta mance, ta koma kamar yau aka ciro ta daga kwali. Da na gaji sai na shiga Google na rubuta ciwon. Abin da ya fid da ni wani rubutu ne da wani bawan Allah ya yi a wani buɗaɗɗen dandali tun 2011. Ban san shi ba, shi ma bai san da ni a duniya ba. Ya jero matakan ɗaya bayan ɗaya, wani ya zo daga ƙasa ya gyara masa kuskure guda, mai tambayar kuma ya dawo bayan kwana biyu ya ce ta yi. Na bi, ni ma ta yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai na zauna ina tunani. Yau in ka ɗauki sabuwar manhaja ka nemi inda za ka kai kuka, abin da za ka tarar shi ne "shigo Discord ɗinmu" ko "ga zaurenmu na Telegram". Nan gida ma haka ne, masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu rubuta manhaja, kowa ya shige WhatsApp ya ja ƙyaure. To matsalar da aka warware jiya a irin waɗannan ɗakuna, yaron da zai gamu da ita nan da shekara goma a ina zai samo amsarta? Google ba ya leƙawa ciki. Ba don in ɗora wa kowa laifi nake tambaya ba, so nake in gane abin da ya kore mu.

Ummi A.:
Wa alaikumus salam Baba. Zan faɗi abin da ya kore ni, ban san na wasu ba. A shekarata ta farko ta koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, na yi tambaya a wani babban dandali na Turanci. Na kusa cinye awa ɗaya ina gyara Turancin don kada a yi mini dariya. Ko minti goma ba a yi ba aka rufe tambayar, wai an taɓa yin irinta, aka tura ni wata tsohuwar amsa da ban gane ko layi ɗaya a cikinta ba. Wani ya ƙara da cewa in je in yi karatu tukuna. Kuma abin yana nan manne da sunana, duk wanda ya bincika zai gani. Sai da na yi wata uku ban sake tambayar kowa komai ba.

Yanzu muna da zaure na mata masu koyon rubuta manhaja, ba mu kai ɗari ba. In na maƙale sai in ɗauki hoton fuskar kwamfuta in tura, in ce 'yan uwa ku duba mini. Kafin in ajiye wayar wata ta amsa. In tambayar ta rashin sani ce, zuwa gobe ta nutse, ba mai tuna ta. Wannan nutsewar da kake kuka da ita, Baba, ita ce ta buɗe mini baki.

Malam Garba Zariya:
Allah sarki. Ban ji daɗin abin da aka yi miki ba, 'yata. Ci gaba da tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Ɗanlami Farm Centre:
Salamu alaikum. Malam, bari mu na kasuwa mu sa baki. Lokacin da nake yaron shago, ogana a GSM-Forum da XDA yake kwana. Shi ya iya Turanci, shi ke karantawa ya fassara mana. Yanzu kwastoma yana tsaye a kanka, Tecno ɗinsa ta tsaya a kan tambari ta ƙi wucewa, kana buƙatar fayil ɗin filashin, wato manhajar da ake sake ɗora wa waya, na wannan samfurin daidai, ba mai kama da shi ba. In ka rubuta a dandali, sai gobe ko jibi. In ka jefa a guruf ɗinmu na Telegram, wani a Kaduna ko Legas zai turo maka fayil ɗin kafin kwastoman ya gama sallar la'asar. Telegram yana ɗaukar fayil har giga 2, ba sai ka bi ta shafukan da ke cike da talla ba. Kuma wayoyin da muka fi gyarawa, su Tecno da Itel da Infinix, mutanen waɗancan dandalin ba su cika damuwa da su ba, don ba su ne a hannunsu ba.

Na biyu, kuma wannan gaskiya ce ko da ba ta da daɗi: akwai sirrin sana'a. Abin da na yi shekara biyar ina shara da sayen abinci kafin oga ya nuna mini, ba zan shimfiɗa shi a titi ba. Akwai ma wanda bai kamata a shimfiɗa ba, kamar hanyar cire makullin wayar da mai ita ya mance. Kun san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya a garin nan. A guruf ɗinmu ba ka shiga sai wani mai shago ya tsaya maka.

Injiniya Sadiya:
Malam Garba, maganarka ta taɓa ni don ni ma abin yana damuna, amma ina ganin ba korar mutum ɗaya aka yi ba, abubuwa ne suka taru.

Ka duba Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja. Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe shi a 2008, da niyyar ya zama rumbun amsoshi, ba wurin hira ba. Don rumbun ya tsabtata sai aka tsaurara doka: kada a maimaita tambaya, kada a yi gaisuwa, kada a nemi ra'ayi. Dokar ta yi wa mai bincike amfani ƙwarai, amma ta yi wa sabon shiga tsauri. A 2018 kamfanin da kansa ya fito ya amsa cewa wurin ba ya karɓar baƙi hannu bibbiyu, musamman sababbi da mata. Yawan tambayoyi ya fara raguwa tun kafin a san da ChatGPT. Da ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022 sai raguwar ta zama zubewa, don mai ƙaramar tambaya ya samu wanda zai tambaya sau ashirin ba a harare shi ba.

A ɗaya gefen kuma ga ɗakuna kyauta sun bayyana. Slack ya fito wajen 2013, Discord a 2015. Discord ma don masu wasan kwamfuta aka gina shi. A shekarar da ya fito, wata babbar ƙungiyar masu aiki da React (kayan aikin gina shafukan intanet) mai suna Reactiflux ta koma can daga Slack, saboda sun yi yawan da aka hana su ƙara gayyatar mutane. Wasu suka bi sahu. Yaran da suka taso suna wasa a Discord, da suka zama masu rubuta manhaja ba su ga dalilin canja gida ba.

Su kuma kamfanoni ɗaki ya fi musu. Ƙorafin da aka yi a fili yana nan har abada, mai son sayen kayansu zai bincika ya gani. Ƙorafin da aka yi a ɗaki, nan da mako guda sababbin saƙonni sun binne shi.

Baban Khalifa:
Duk kun yi maganar mai tambaya da mai amsa, ba wanda ya tuna da mai share gidan. Na riƙe ƙaramin dandali na masu sha'awar kwamfuta shekara shida, da Hausa da Turanci. Kowace safiya kafin in karya kumallo sai na goge rajistar bogi da tallan caca da na magungunan ƙarya, wata rana sun fi hamsin. Ba mutane ba ne, na'urori ne ke yin rajistar. Ga sabunta manhajar dandalin don kada a yi kutse. Ga kuɗin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, da na sunan shafi, duk da dala. Ku tuna lokacin da bankunan ƙasar nan suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawa suka dakatar gaba ɗaya. Sai da na riƙa roƙon wani abokina a waje ya biya mini in ba iyalinsa naira. Ranar da na buɗe guruf na WhatsApp, minti biyu ya ɗauke ni, ko kwabo ban kashe ba, kuma mutanen da na yi shekaru ina lallashi su yi rajista duk suna ciki kafin magariba. Bayan wata takwas na rufe dandalin. Har yau in na tuna rubuce-rubucen da ke ciki sai raina ya sosu, amma a lokacin ba ni da yadda zan yi.

Isuhu Maraɗi:
Ina gaida manya. Ni haɗa sola nake yi, daga Maraɗi har ƙauyukan da ke kan iyaka. Akwai abin da ba ku ambata ba, kuma a wurinmu shi ne kan gaba: saƙon murya. Yarana biyar, biyu sun yi lakkwal, wato makarantar boko, da Faransanci, ɗaya ajami kawai yake rubutawa, biyu ba sa rubutu sosai amma in ka ba su waya da batir hannunsu ya fi nawa kyau. Dandali yana so ka iya karatu, ka iya rubutu, kuma galibi da Turanci. A WhatsApp yaro yana kan rufin kwano zai ɗauki bidiyo ya ce oga ga abin da take yi, in amsa masa da baki. Ga kuma data, kamfanonin waya suna sayar da ta WhatsApp daban da araha. Mu ba barin fili muka yi ba, Malam. Ba mu taɓa shiga filin ba, don ba da harshenmu ake magana a can ba.

Malam Garba Zariya:
Isuhu, wannan magana taka ta fi kowace nauyi a wurina. Na karɓa. Amma bari in tambaye ka: tambaya ɗaya sau nawa ka amsa ta a bana?

Isuhu Maraɗi:
Kai, Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Maganar cewa batir ake fara haɗawa da regilatar, wato na'urar daidaita caji, kafin a haɗa fano, wato farantin sola, don na'urar ta gane ko batirin mai volt 12 ne ko 24, na faɗe ta har bakina ya gaji. Duk sabon yaron da ya shigo sai ya tambaya, wani ma sai ya ƙona kaya sannan ya tambaya. Saƙon muryar da na yi bara mai minti bakwai, wanda na yi bayanin komai a ciki, ni kaina na neme shi na rasa. Ba a binciken murya. Kuma wanda ya shigo yau ba ya ganin abin da aka yi bara.

Auwal (Jamus):
Sannunku da muhawara. Ina so in gyara wani abu kaɗan. Hira ba sabuwa ba ce a duniyar fasaha. IRC, tsohon tsarin hira ta rubutu a intanet, yana nan tun 1988, masu Linux da Debian da sauransu sun yi shekaru suna hira a ciki dare da rana. Bambancin shi ne a da ƙafa biyu ake tafiya da ita: a yi hira a IRC, amma in maganar ta nuna sai a kai ta wasiƙun rukuni ko dandali, inda ake ajiyewa. Saƙon da Linus Torvalds ya aika a watan Agusta 1991 yana sanar da cewa yana gina wani ɗan tsarin kwamfuta don sha'awa, wanda ya zama Linux, har yau kowa zai iya karanta shi. Masu gina zuciyar Linux har gobe ta imel suke aiki, kuma taskar a buɗe take. Abin da ya faru yanzu shi ne an sare ƙafa ɗaya, hira ta zama ita ce komai.

Na biyu, ɗakunan nan ba namu ba ne. Slack, wanda Salesforce ya saya a kan dala biliyan 27.7, ya canja tsarin masu amfani kyauta a Satumba 2022: saƙonnin kwana 90 kawai za ka gani. Daga Agusta 2024 kuma duk abin da ya wuce shekara ɗaya ana goge shi gaba ɗaya. Ƙungiyoyin sa kai nawa ne ke da kuɗin biya wa dubban mambobi kowane wata? Ko IRC ma bai tsira ba. A Mayu 2021 rikicin mallaka ya tashi a Freenode, wani babban gidan IRC, masu kula da shi suka ajiye aiki suka kafa Libera Chat, ɗaruruwan ayyuka suka kwashe kayansu cikin 'yan kwanaki. Sai dai su sun iya tashi ne don IRC ba mallakin kowa ba ne, kowa na iya kafa nasa. In Discord ya juya maka baya, ba inda za ka kai tarihinka cikin sauƙi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Baban Khalifa:
Auwal, kada mu mai da fili kamar aljanna. Shi ma yana mutuwa. A 2017 Photobucket, shafin ajiye hotuna, ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka sai ya biya kusan dala 400 a shekara. Dare ɗaya dandaloli na gyaran mota da na lantarki suka wayi gari bayanai na nan amma hotunan babu. Ka karanta "ka kwance wannan kusar da na zagaye da ja", ka duba, ba hoto. Yahoo Answers ya rufe a Mayu 2021. Google+ ya tafi a 2019.

Malam Garba Zariya:
Haka ne, kuma ka tuna mini da wanda ya fi kusa da mu. A farkon shekarun 2000 an yi muhawarori masu zurfi a zaurukan Yahoo a kan rubutun Hausa da finafinan Hausa da harshen kansa, malaman jami'a da marubuta da 'yan ƙasar waje duk a wuri ɗaya. Ga kuma dandalin KanoOnline. Yahoo ya fara kwashe abin da ke cikin zaurukansa a ƙarshen 2019, ya rufe gaba ɗaya ranar 15 ga Disamba 2020. Masu sa kai na Archive Team sun yi ta rige-rige su ceci abin da za su iya, har aka toshe musu asusu. Amma ku lura da bambanci: abin da ke fili, akwai damar wani ya kwafe shi kafin gini ya rushe. Internet Archive tun 1996 yake wannan aiki. Zauren da sai mamba ke gani, in ya tafi ya tafi ke nan, sai abin da wani ya adana a imel ɗinsa.

Ummi A.:
Baba, na ji, amma don Allah ku duba wannan. Duk abin da mutane suka rubuta a fili kyauta don taimakon juna, kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe sun horar da na'urorinsu suna sayarwa. Ni in na rubuta a fili, wa nake yi wa aiki?

Injiniya Sadiya:
Ƙanwata, ba ke kaɗai ke wannan tunani ba. A 2023 Reddit ya sa kuɗi mai yawa a kan hanyar da manhajojin waje ke bi su ɗebi bayanansa, dubban rukunoni suka rufe ƙofa a watan Yuni don nuna fushi, manhajoji irin su Apollo suka mutu. A Fabrairu 2024 aka ji ya ƙulla yarjejeniya da Google ta kusan dala miliyan 60 a shekara. A Mayu na shekarar Stack Overflow ya sanar da tasa da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT. Wasu suka fara goge amsoshinsu ko ɓata su don nuna rashin yarda, aka mayar da amsoshin aka dakatar da su. Irin wannan ya sa mutane da yawa sun ce gara ɗaki.

Amma kada ki ɗauka ɗaki sirri ne. A 2024 aka bankaɗo wani shafi mai suna Spy Pet, ya cusa asusun bogi a dubban zaurukan Discord, ya tara biliyoyin saƙonni yana sayarwa ga duk mai kuɗi. Sai da abin ya fito a jarida aka rufe shi. Zauren da kowa zai iya shiga da adireshin gayyata a rufe yake ga mai neman ilimi ta Google, amma a buɗe yake ga mai mugun nufi. A WhatsApp kuma lambarki tana gaban kowa. Ni na fita daga manyan zauruka uku saboda kiran dare daga mutanen da ban sani ba. A dandali da sunan aro nake, ba wanda ya taɓa kirana.

Ummi A.:
Wannan gaskiya ne Anti. Shi ya sa namu na mata ne zalla, kuma sai an san ki.

Auwal (Jamus):
Ƙari a kan maganar Ummi: ba kwashewa kawai suke yi ba, nauyi ma suke ɗorawa. Na'urorin kwasar bayanai suna dirar wa ƙananan shafuka har saba ta durƙusa. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta ce daga Janairu 2024 yawan datar da ake ja na hotuna da bidiyo ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, galibi saboda su. Ayyuka irin su GNOME sai da suka kafa shinge a gaban shafukansu. In Wikimedia ta koka, ina ga mutum ɗaya irin Baban Khalifa?

Sai dai akwai abin da ke ba ni tsoro a nan. Na'urorin nan sun iya amsa tambayar Python ne don mutane sun yi shekara goma sha biyar suna amsa ta a fili. Tambayar Isuhu fa? In ba a taɓa rubuta ta da Hausa ba, babu inda na'ura ko mutum zai same ta da Hausa. Turawa suna barin fili ne bayan sun cika rumbu. Mu namu rumbun ko daɓen ƙasa ba a gama ba.

Ɗanlami Farm Centre:
Wannan ta shige ni. Kuma bari in faɗi aibin namu da bakina. A guruf, amsar da ta riga zuwa ita ke ci, ko wadda babban oga ya faɗa. Kwanaki wani ya tambaya a kan wayar da ba ta caji, wani dattijo a sana'ar ya ce ya canja ƙaramin guntun da ke kula da caji. Ni na san a wannan samfurin bakin cajin ne ke yawan lalacewa, aikin minti goma. Amma yaya zan ƙaryata shi a gaban mutum ɗari huɗu, wasu yaransa ne? Na bi yaron ta bayan fage na gaya masa. Shi ya tsira, sauran da suka karanta sun tafi da kuskuren. A dandalin da ogana ke karantawa, wani daga wata ƙasa zai zo bayan wata shida ya ce wannan ba daidai ba ne, ga hujja, ba ruwansa da girman kowa.

Malam Garba Zariya:
Allah ya saka maka da alheri da faɗin gaskiya, Ɗanlami. Kunyar da ta hana Ummi tambaya a fili, ita ce ta hana ka gyara a ɗaki.

Hajiya Rabi (admin):
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ku sani wannan muhawarar ma a rufaffen zaure kuke yin ta, kuma na san nan da mako biyu in wani ya nema ba zai same ta da sauƙi ba. To me kuke so a yi? Rushe zauren ba zai yiwu ba, ni ma ba zan yarda ba.

Auwal (Jamus):
Hajiya, ba sai an rushe ba. Akwai waɗanda suka haɗa biyun. Masu harshen rubuta manhaja na Rust suna hira a wata manhaja mai suna Zulip, inda kowace magana ke da kanta, kuma akwai sassan da ake iya karantawa ba tare da rajista ba. Mozilla ta rufe IRC ɗinta a 2020 ta koma Matrix, wanda kowa zai iya kafa sabarsa. Masu Python suna yanke manyan shawarwarinsu a dandalin Discourse, a fili. Shi kansa Discord ya ƙara sashe mai kama da dandali a 2022, har akwai wani aiki mai suna Answer Overflow da ke fitar da amsoshin zaurukan da suka yarda zuwa inda Google zai gani. Mu ba sai mun kai nan ba. Shafi ɗaya mai sauƙi ya isa: duk matsalar da aka warware a nan, wani ya rubuta ta a taƙaice, a cire sunaye da lambobi, a saka.

Baban Khalifa:
Wa zai rubuta? Ba maganar yau nake yi ba, ina tambaya ne wa zai rubuta in an kai wata na shida. Makon farko kowa zai kawo, na ga irin wannan. In za a yi, kada a buɗe rajista ko wurin sharhi, nan ne ɓarayin talla ke shigowa. Mutum biyu ko uku kawai su riƙe makulli, kuma kowane wata a sauke kwafi a ajiye a wuri biyu. In an yarda da haka zan kafa shi, kuɗin sunan shafi na shekarar farko a kaina.

Ummi A.:
Ni zan riƙa juya saƙonnin murya zuwa rubutu, biyu a mako, fiye da haka karatu ba zai bar ni ba. Amma da sharaɗi: ba za a saka tambayar kowa ba sai an nemi izininsa, ko da an cire suna.

Ɗanlami Farm Centre:
Maganar caji da sikirin da batir da wayar da ta sha ruwa, duk zan bayar. Ta makulli ba zan bayar ba, kada ma a tambaye ni.

Injiniya Sadiya:
Ba wanda zai tambaye ka. Ni zan duba na ɓangaren manhaja kafin a saka. Abu ɗaya kuma: ku riƙa rubuta kan magana yadda mutum zai buga shi a waya. Mafi yawan mutane ba sa sa ƙugiya, "na'ura ta kone" za su rubuta, ba "ƙone" ba. A cikin bayani a rubuta Hausa daidai, amma a tabbata an gwada bincike da haruffan duka biyu an ga shafin yana fitowa.

Hajiya Rabi (admin):
To shi ke nan. Isuhu, da taka za a fara tunda ita ka fi maimaitawa. Ka sake yin saƙon ka tura wa Ummi.

Isuhu Maraɗi:
In sha Allahu yau bayan isha'i, yanzu ina kan aiki a wani ƙauye, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Amma Anti Sadiya, wane suna za a sa a kai? Mu regilatar muke cewa da fano, yaran Katsina da nake haɗuwa da su a Jibiya kwantirola suke cewa da fanel.

Injiniya Sadiya:
A sa duka huɗun a layin farko. Ummi, in ya turo ki fara aiko mini in gani.